RB5009 guda biyu a wajen sayar da wifi, ga yadda na same su

'Yan uwa masu sayar da wifi da baucha, in kwastomomi sun fara yawa to gaskiya maganar rauta ɗaya ta ƙare, don ran da ta mutu kowa zai sauka lokaci guda kuma wayarka ce za ta sha kira. Ni rauta samfurin RB5009 guda biyu nake aiki da su, na kamfanin MikroTik da ke Latbiya, kuma kuɗina bai tafi a banza ba. Wannan rautar ba ta da fanka bare ta dinga zuƙar ƙurar hunturu, tana karɓar wuta ta hanya 3, lasisin da take zuwa da shi kuma yana ɗaukar mutum 500 lokaci guda a hotspot, wato tsarin da kwastoma ke shiga wifi ta cikinsa da lambar baucha.

Na haɗa su ne da VRRP, wato su biyun suna riƙe da adireshin IP ɗaya, ɗaya na aiki ɗayar na jiran ko-ta-kwana. Ta farkon tana turo sigina duk daƙiƙa ɗaya, in ta yi shiru kamar daƙiƙa 3 sai ta biyun ta karɓe. Ka gwada da kanka, zare wayar wutar ta farko kana kallon ping (gwajin da ke nuna ko haɗi na tafiya) a laftof, za ka ga ya tsinke 'yan layuka sannan ya ci gaba. A RouterOS 7, wato manhajar da rautocin ke aiki da ita, ma akwai sync-connection-tracking da ke kwafe bayanan haɗi zuwa ta biyun, wannan kam sun kyauta.

Amma fa kar wani mai haɗa netwok ya ce maka shi ke nan an gama. Jerin waɗanda suka shiga hotspot da cookie ɗinsu (shaidar da ke tuna cewa sun riga sun shiga) yana zaune ne cikin rautar da suka shiga ta kanta, ba ya bin su zuwa ɗayar, to sai ɗalibi yana tsakar rijista ko cike fom ya ga shafin shiga ya sake buɗewa ana neman lambar baucha, alhali takardar ya daɗe da yar da ita. Nan ne rigima take, kuma ni a ganina yaron yana da gaskiya, ya biya kuɗinsa.

Shi ya sa bauchoyina suke kan sabar RADIUS daban, wato sabar da ke tantance masu shiga da riƙe lissafinsu, duk rautocin biyu can suke tambaya. Ka kunna interim-update, wato rahoton da rauta ke tura wa sabar lokaci-lokaci kan waɗanda ke ciki, ka sa tazararsa gajera, saboda rautar da ta mutu farat ɗaya ba ta samun damar sanar da sabar cewa mutane sun fita, sabar sai ta ɗauka har yanzu suna ciki ta hana su sake shiga, ko lissafin datarsu ya rikice.

Sannan don Allah kar a jona su biyun a soket ɗaya da inbata ɗaya, NEPA na ɗaukewa batir ya gaza duk tare za su kwanta. Tawa ta biyun batirinta daban ne, da ɗan sola a rufi.