Hoton iyalan sojoji kafin tafiya: taron rana ɗaya a bariki ko bi gida-gida?

Ƙanwata, na ga tambayarki. Ku 'yan ƙalilan ne masu kyamara a nan Kaduna, kuna so ku riƙa ɗaukar iyalan sojoji hoto kyauta kafin a tura maigida bakin daga, amma kanku ya rabu. Wasu sun ce a sa rana ɗaya a shiga bariki, a kafa ƙyalle, kowa ya zo da iyalinsa. Wasu sun ce a riƙa bin iyali ɗaya bayan ɗaya har gida. Ni zuciyata ta fi kwantawa da bi gida-gida, sai dai akwai halin da ba abin da zai fisshe ku sai taron rana ɗaya.

Buƙata kam ba za ku rasa ta ba a garin nan. Hedikwatar Runduna ta Ɗaya tana nan, ga barikin Ribadu, ga Dalet a Kawo, ga sansanin sojan sama a Mando, ga kuma Jaji a kan hanyar Zariya inda ake horar da dakaru kafin a tura su aiki. Wasu Arewa maso Gabas ake kai su, ƙarƙashin Operation Hadin Kai, wadda har zuwa 2021 ake kira Lafiya Dole. Wasu kuma dazuzzukan Arewa maso Yamma suke nufa. Duk wanda ya tafi, wata da watanni iyalinsa za su yi ba su sa shi a ido ba.

Farkon abin da zai raba hanyoyin biyu shi ne izini. Taron bariki ba ya yiwuwa sai da takarda zuwa ga kwamanda, kuma takarda tana cin lokaci. Hanya mafi sauƙi ita ce ku bi ta ƙungiyoyin matan bariki, NASWA ta matan ƙananan sojoji ko NAOWA ta matan hafsoshi, ku kuma nemi magajiya, wato shugabar matan bariki, domin ita ta san gidan kowa, ita ake ji in ta yi magana. Idan izini ya fito, komai ya zo da sauƙi: za a ba ku ɗakin taro, a sanar da mutane, wani lokaci har samanja ya sa a tsara muku layi. Bi gida-gida bai da wannan dogon zance idan sojan a cikin gari yake haya, yardarsa da ta iyalinsa ta wadatar. Amma in gidan cikin bariki yake, kada ki kuskura ki ratsa get da kyamara a jaka ba tare da an san da zuwanki ba, kuma ko an bar ki kin shiga, kada ki saita ta wajen motoci, get ko ma'ajiyar makamai.

Ta fuskar yawa, taro ya yi wa gida-gida nisa. Iyalan da za ki ɗauka daga hantsi zuwa la'asar a ɗakin taro, sai ki yi makonni ba ki kai rabinsu ba idan bin su kike yi. Haske ma a hannunki yake: fitila ɗaya, ƙyalle ɗaya, ba ruwanki da ɗauke wuta in akwai janareta.

To amma duba irin hoton da ke fitowa. Soja a gaban abokan aikinsa, wataƙila ma ogansa na tsaye a gefe, ba zai saki jiki ba. Da kin ɗaga kyamara zai ƙame, ƙirji a gaba, hannuwa a gefe, kamar yana fareti. Matarsa kuma kunya ba za ta bar ta ta matso kusa da shi ba alhali maƙwabta na kan layi suna kallo. Yaron da aka sa wa sabuwar riga tun safe ya gaji, ya fara kuka, na bayanku kuma suna jira. Minti kaɗan gare ki, dole ki danna ki ce na gaba. Hoton zai fito tsaf, kowa ya yi kyau, amma ba haka suke zama a gidansu ba.

A gida abin daban ne, kuma nan ne dalilina. Ki ba su lokaci, ki sha ruwan da aka kawo miki, ki bar yara su taɓa kyamarar su ga kansu a ciki. Can za ki ga ƙaramar 'yar ta ɗauko hular babanta ta kifa a kai har ta rufe mata ido, shi kuma ya fashe da dariya ya ɗaga ta sama. Za ki ga ya durƙusa gefen tabarmar mahaifiyarsa, ta ɗora hannu a kansa tana sa masa albarka. Tsohuwar nan ba za ta hau Keke Napep ta je bariki ta bi layi don hoto ba, amma ita ce wadda za ta fi kowa duba shi bayan ya tafi. Kasancewarki mace kuma babbar dama ce, domin za ki shiga har ɗaki inda namiji zai tsaya a zaure. Idan gidan mata biyu ne, ki tambayi maigida tun kafin ki fara, ki ɗauki kowace da 'ya'yanta, ki kuma wanke musu daidai wa daida. Wani gidan za a ce a ɗauki uba da yara kawai, matar ba ta so, ko don addini ko don ra'ayinta. Ki ce to, kada ki roƙa.

Wahalar gida ita ce haske. Ɗakunan ƙanana ne, sau da yawa da duhu, fentin bango shuɗi ko kore yana komawa kan fuska. Ki fito da su bakin ƙofa ko inuwar katanga bayan la'asar, ki sa wani ya riƙe farin zanen gado daga gefe ya mayar da haske kan fuskokinsu. Lokacin hunturu hazo ma taimakonki yake yi, domin yana kashe kaifin rana.

Sai maganar tsaro, wadda ta fi duk sauran nauyi. Taro da kansa sanarwa ne cewa wata runduna na shirin motsi, ga wayoyi a hannun kowa, ba ki da iko da abin da za a watsa kafin dare. Gida-gida ya fi sirri, amma shi ma da nasa: akwai sojan da ba ya so unguwa ta san aikinsa, don haka kada ki ce ya fito ƙofar gida da kaki. Rundunar soja tana da ƙa'idoji a kan abin da jami'anta za su sa a kafofin sada zumunta, kuma hoto ɗaya na iya jawo wa mutum hukunci. Ko ta wace hanya kuka bi, ku kashe alamar wuri a waya da kyamara, kada ku tambayi ina za a kai shi ko yaushe, kada kuma ku sa hoton kowa a Facebook ko TikTok don tallar aikinku. Ku ɗauki kala biyu, na kaki da na kayan gida. Na kakin ya zauna a gida, na kayan gidan shi zai riƙe, domin sojoji da yawa ba sa son a ga hoton kaki a jikinsu ko a wayarsu idan suna tafiya a motar haya.

Inda taro ke cin nasara shi ne lokacin da sigina, wato umarnin tafiya, ta fito ba zato, aka ce mutane da yawa za su tashi cikin 'yan kwanaki. A nan ba zancen zaɓi, da babu gara ba daɗi. Ku shiga ku ɗauki kowa, ku ba kowane iyali lamba a takarda don kada hotuna su cakuɗe, ku kai wankin hotunan a daren, ku damƙa wa magajiya ta raba. Gida-gida kuwa zuwa biyu ne, na ɗauka da na kaiwa, kuma kuɗin mota daga aljihunku zai fita, sai ku lissafa shi tun yanzu.

Wankin nan kada ku ɗauke shi da wasa. A inda ake tura su, caji da sabis ba kullum ake samu ba. Ƙaramin kati da aka liƙe da leda, wanda zai shiga aljihun gaban riga ya jure zufa da ruwan sama, ya fi masa amfani a kan hotuna masu yawa a waya. Babban kuma, mai inci 8 da 10, a bar wa iyali. Idan za ki tura ta WhatsApp, ki tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai rage ingancin hoton. Ku kuma adana asalin hotunan a wuri biyu, da sunan iyali, na tsawon shekaru. Wata rana za a zo nema, kuma ba kullum ne dalilin zai zama na farin ciki ba. Saboda haka ma ki kiyaye harshenki a gidan mutane. Ki ce hoton da zai tafi da shi ne, ki yi masa addu'ar Allah Ya kai shi lafiya Ya dawo da shi lafiya, ki tsaya nan.

Da ni ce ke, da iyalai kaɗan da ke zaune cikin gari zan fara, ta hannun wanda ya san su kuma suka yarda da shi. A makon kuma zan kai takarda bariki in je in gaida magajiya, don ranar da sigina za ta fito a riga an san fuskokinku a get.