Ciwon ƙashin wutsiya bayan haihuwa: ungozoma ko mai gashin ƙashi na asibiti?

Lokacin da kan jariri ke sauka, yakan tura ɗan ƙashin nan na ƙarshen gadon baya, mai gaɓoɓi 3 zuwa 5. Wani lokaci ya buge, wani lokaci ya goce ko ya tsage. Shi ya sa mai jego ke zama a karkace, ɗuwawu ɗaya a tabarma.

A unguwar Birni ko Zango, nan Damagaram, ungozoma ake fara kira. Ruwan zafi, tsumma, man kaɗanya, ta bi ƙugu da tafin hannu tana cewa, "Daure, 'yata." Arha, a cikin ɗaki, ba kunya. In tsoka ce ta ɗaure, zafin yana sassauta ta. Sai dai hannunta ba ya ganin tsagewa, kuma dannawa da ƙarfi kan ƙashin da ya tsage ƙara ciwo ne.

Mai gashin ƙashi na asibiti, wanda mu a Damagaram muke ce wa kine, da tambaya yake farawa, wani sa'in a tura ki hoto. Sannan ya sassauta tsokokin ƙasan ƙugu a hankali. In ƙashin ya ƙage, akwai dabarar motsa shi da yatsa cikin safar hannu ta dubura. A nan mata da yawa ke ja da baya. Ki nemi mace, kuma sai da yardarki. Zai koya miki zama kan matashi mai rami ta baya. Sai dai ga kuɗin adaidaita, ga layi, ga jariri a goye.

Ni dai in ciwon ya kai arba'in, ko ƙafa ta fara sanyi, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, asibiti zan kai ƙanwata.