Kalkuletar bekta: kafin ka miƙa kuɗinka a Sakkwato

Ƙanena ya samu gurbin karatun Fizis a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, sai ya kira ni daga Dundaye wai malami ya ce kowa ya nemi kalkuletar da ke yin bekta (vector), wato adadin da ke da girma da kuma alƙibla. Na ce masa kada ya sayi komai sai na zo, don an taɓa ci da ni.

Fara da cire Casio fx-82MS daga lissafi. Ita ce ta cika hannun 'yan sakandare, tana da ƙarko, amma babu bekta a cikinta ko kaɗan. Haka ma fx-82ES Plus. Tsohuwar fx-991MS kuwa tana yi, sai dai allonta layi biyu ne, amsar tana fitowa ɗaya bayan ɗaya, har ka gama latse-latse lokaci ya tafi.

Ni dai Casio fx-991ES Plus ce tawa. Ka danna MODE sannan 8, ka shiga ɓangaren bekta. Tana riƙe guda uku, VctA da VctB da VctC, kowace mai lamba biyu ko uku. Ka zuba lambobinka, ka danna AC, sannan SHIFT da 5 su buɗe maka jerin zaɓi. Hanya biyu ake yin sau na bekta da bekta, dot da kuros. Dot yana kan lamba 7. Kuros ba ya buƙatar nema, maɓallin sau na kullum ne ke yin sa. Tsawon bekta kuma Abs ne, wato SHIFT da hyp. Inda ta gaza shi ne kusurwa tsakanin bekta biyu: da kanka za ka raba dot da tsawon ɗaya sau tsawon ɗayar ka nemi cos⁻¹, kuma ka tabbata harafin D, wato digiri, na saman allo, in ba haka ba amsar ba za ta zo a digiri ba. Ban ɗauki wannan aibi ba, don wanda ya saba yin haka ba ya manta ƙa'idar. Ga shi kusan duk wanda ke gabanka a aji ita ce da shi, in ka maƙale akwai mai nuna maka. Tana da sola da ƙaramin batir LR44, irin na agogo. 'Yar uwarta fx-570ES Plus aikinsu ɗaya, ita dai batir AAA take ci, babu sola.

Akwai fx-991EX, mai riƙe bekta huɗu, mai fitar da kusurwa kai tsaye. Ta fi, ban musa ba, amma ta fi tsada kuma samun ta asali sai an wahala. Sabuwar fx-991CW an sauya mata tsarin maɓallai, komai sai ka shiga ka fita, ban sha'awarta.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ina aji biyu na shiga wani shago a cikin gari, mai shagon ya miƙo mini fx-991ES Plus cikin kwali mai sheƙi, ya ce, "Ɗalibi, wagga asali ta, don kai na rage." Kusan rabin kuɗin da abokina ya biya, na fito ina murna na yi wayo. Ran jarrabawa na zuba 12, ashe maɓallin bai kama 2 ba, 1 kawai ta shiga. A bekta lamba ɗaya ta karkace, dot ya tafi, kuros ya tafi, kusurwa ta bi su. Maki goma sha biyar suka salwanta. Daga baya da batir ya mutu na kwance ta, na tarar solar ma baƙar roba ce aka manna, ko waya babu.

Jabun yanzu sun ƙware, suna da kwali da takarda har da tambari, saboda haka kada kwali ya ruɗe ka. Gwada ta a gaban mai shago. Rubuta 1 zuwa 9 da sauri sau uku, ka duba ko wata lamba ta ɓace. Karkata allon ka gani ko rubutun na dusashewa ko wani layi ya gutsure. Latsa bayanta: jabu ba ta da nauyi, robarta na ƙara. Sannan ka zuba VctA 1, 2, 3 da VctB 4, 5, 6. Dot ya ba ka 32, kuros ya ba ka −3, 6, −3. Wasu jabun ma suna kawo amsar daidai, amma sai sun yi jinkiri kamar mai tuna bashi. In mai shago ya ce ba a buɗe kwali, gaishe shi ka wuce gaba, shaguna ba su ƙare ba. In ya yarda, ku yi magana kan canji, ya rubuta maka a rasit.

Ka kuma tambayi malamin kwas ko yana barin a shiga da 991 ɗakin jarrabawa, don akwai masu hanawa. Kuma kada ka bar ta cikin but ɗin babur da zafin Afrilu, allon baƙi yake yi.

Na ƙanena shago na uku muka same ta. Kafin mu fito na sa ya rubuta sunansa da ƙusa a cikin murfin.