The Doo Wop Box: Faifai Huɗu da Ke Koya wa Ƙungiyar Mawaƙa Haɗa Murya

Na shafe makonni ina sauraron The Doo Wop Box, kundin da kamfanin Rhino na Amurka ya fitar a farkon shekarun 1990, wanda ya ƙunshi waƙoƙi 101 na salon doo-wop a kan faifan CD huɗu, tare da ɗan littafi mai bayani a kan ƙungiyoyin da suka rera su. Ban saurare shi don nishaɗi kawai ba. Abin da nake son ganewa shi ne ko ƙungiyar mawaƙa ta yau, wadda ba ta da kayan kiɗa sai muryoyin mambobinta, za ta sami darasi a cikinsa, kuma na tabbatar da cewa za ta samu, fiye ma da yadda na zata.

Salon doo-wop ya tashi ne a unguwannin baƙaƙen fata na biranen Amurka irin su New York da Baltimore da Philadelphia da Chicago da Los Angeles, daga ƙarshen shekarun 1940, inda samari huɗu ko biyar kan tsaya a kwanar titi, ko a matakalar bene, ko a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, suna neman wurin da bango zai mayar musu da amon muryarsu. Sun gaji tsarin daga waƙoƙin coci da kuma ƙungiyoyin da suka gabace su kamar Ink Spots da Mills Brothers. Da yake ba su da kuɗin sayen kayan kiɗa, sai suka ɗora wa baki aikin ganga da jita, kuma daga waɗannan gaɓoɓin da ba su da ma'ana, waɗanda 'yan amshi ke maimaitawa a bayan jagora, salon ya sami sunansa.

An jera waƙoƙin ne bisa shekaru, daga 1948 zuwa 1987, kuma wannan tsari shi ne babban alherin kundin. Faifan farko ya buɗe da ƙungiyar Orioles ta Baltimore, inda Sonny Til ke jan waƙa a hankali, sauran kuma suna shimfiɗa masa sauti mai laushi kamar masu gudun kada su tashi mai barci. Kafin a kai tsakiyar faifai na biyu, gudu ya ƙaru, kuma ana jin Frankie Lymon, yaro ɗan shekara 13 a 1956, yana hawa sama da siririyar muryarsa ba tare da wata fargaba ba. Mai sauraro yana ganin yadda abin ya girma mataki-mataki, ba tare da an yi masa dogon bayani ba.

Inda na fi daɗewa shi ne kan mai babbar murya, wato wanda ke riƙe ƙasan waƙa. A mafi yawan waƙoƙin zamani na'ura ce ke wannan aiki, amma a nan mutum ne, kuma idan ya kuskure da ƙiftawar ido kowa ya ɓata. Duk wanda ke son ya ji iyakar abin da wannan murya za ta iya, to ya saurari yadda ƙungiyar Marcels ta Pittsburgh ta ɗauki "Blue Moon", tsohuwar waƙa mai sanyi ta 1934, ta buɗe ta a 1961 da ruwan gaɓoɓi daga bakin mai babbar murya, har ta koma wata aba dabam. Darasin a fili yake: jagora yana da aikinsa, mai siririyar murya yana yawo a samansa, na tsakiya biyu suna cike gurbi, na ƙasa kuma yana riƙe da lokaci, kuma babu wanda ya isa ya danne ɗan'uwansa. Yawancin waƙoƙin suna zagaye ne a kan sautuka huɗu, waɗanda masu jita suka sani da C da Am da F da G, saboda haka sabuwar ƙungiya za ta iya kama gindin waƙa a zama ɗaya, sannan ta shafe watanni tana gyara haɗuwar muryoyi, wanda nan ne wahalar take.

Sautin ba ya da santsin na situdiyon zamani, kuma ban ɗauki wannan a matsayin aibi ba. An ɗauki "In the Still of the Night" ta ƙungiyar Five Satins a 1956 a ɗakin ƙasa na wata coci a birnin New Haven na Amurka, kuma duk da ƙarancin kayan aiki, kowace murya tana fitowa a inda ya kamata, ta yadda mai koyo zai iya bin guda ɗaya daga farko har ƙarshe. Ita ce kuma waƙar da mawaƙan ƙungiyar Boyz II Men ta Amurka suka sake rerawa a 1992 ba tare da kayan kiɗa ba, ta sake karɓuwa sosai.

Akwai wuraren da kundin ya gaza. Muryoyin mata kaɗan ne, domin maza ne suka mamaye salon, kuma ƙungiyar da mata suka fi yawa a cikinta za ta dogara ne ga 'yan misalai kamar ƙungiyar 'yan mata ta Chantels. Faifai na huɗu, wanda ya fi karkata ga lokacin da samari 'yan asalin Italiya da sauran fararen fata suka rungumi salon, yana da daɗi, amma bai taɓa zuciyata kamar na farko ba. Haka kuma babu rubutaccen rabon muryoyi, don haka dole ƙungiya ta zauna ta tsince su da kunne, ko da yake haka waɗanda suka rera su ma suka koya.

Shawarata ga jagoran ƙungiya ita ce ya fara da waƙoƙi masu tafiya a hankali na faifan farko, ya sa kowane mamba ya saurari muryar da ta dace da tasa ita kaɗai har sau da yawa, kafin a taru a gwada tare, kuma a bar masu gudu na faifai na biyu da na uku sai mai babbar murya ya zauna daram.