Wata takwas ina bin labarin soyayyar wani mawaƙi a Wattpad

Wata takwas na shafe ina bin wani dogon labari a manhajar Wattpad, irin wanda masoya kan ƙaga a kan mawaƙan da suke raye, kuma sai makon jiya marubuciyar ta saki babi na ƙarshe. Manhajar, wadda Allen Lau da Ivan Yuen suka kafa a birnin Toronto na ƙasar Kanada a 2006, ta daɗe da zama matattarar irin wannan rubutu. A can ne Anna Todd ta fara sakin labarinta mai suna After a 2013 da Harry Styles na ƙungiyar mawaƙa ta One Direction a matsayin tauraro, kafin a buga shi littafi a 2014 a sauya masa suna zuwa Hardin Scott, sannan ya zama fim a 2019.

A labarin da na karanta, tauraruwar mai kula da na'urorin sauti ce a tawagar mawaƙin yayin da yake zagayen wasanni. Babi talatin na farko su ne suka kama ni, domin marubuciyar ba ta yi gaggawar haɗa su ba. Akwai wurin da muryarsa ta dishe, likita ya hana shi magana kwana uku, sai ya riƙa rubuta mata abin da yake so a bayan takardar jerin waƙoƙinsa, ita kuma tana ninke takardun tana ɓoyewa a aljihun jakar kayan aikinta ba tare da ta gaya wa kowa ba. Na karanta wannan babi sau uku. Da yake manhajar tana ba mai karatu damar yin tsokaci a gefen kowane sakin layi, na tarar da ɗimbin mutane sun tsaya daidai inda na tsaya, abin da ya sa na ji kamar a cikin jama'a nake karatun.

Daga tsakiya ne labarin ya fara gundurata. Kusan duk bayan babi goma sai an yi faɗa an rabu: yau hoton da 'yan jarida suka ɗauka a ɓoye, gobe tsohuwar budurwa ta dawo, jibi rashin fahimtar da kiran waya ɗaya zai warware. A ganina sakin labari babi-babi ne ke jawo haka, tunda na lura tsokaci da taurarin yabo sun fi yawa a babin da aka yi rikici, kuma marubuci ɗan Adam ne, yana son ganin masu karatunsa sun dawo. Abin da ya fi damuna shi ne yadda aka riƙa nuna zafin kishinsa, har da binciken wayarta da daka mata tsawa, a matsayin shaidar ƙauna, alhali sunan mutum mai rai ne a kan wannan hali.

A wani babi kuma marubuciyar ta ɗauko rasuwar da aka yi da gaske a gidan mawaƙin ta mayar da ita dalilin sulhun masoyan. Nan na ajiye wayar na kwana biyu, raina a ɓace. Louis Tomlinson, abokin waƙar Harry Styles a One Direction, ya faɗa a wata hira a 2017 cewa jita-jitar da masoya suka yaɗa ta cewa shi da Harry Styles suna soyayya ta shafi abotarsu, don haka masu waɗannan sunaye suna jin abin da ake rubutawa a kansu.

Duk da haka na ƙarasa, saboda ina son sanin makomar takardun nan, kuma marubuciyar ta dawo da su a babin ƙarshe yadda ya dace. Wanda yake son soyayya mai tafiya a hankali zai ji daɗin babi talatin na farko da goma na ƙarshe, kuma su kaɗai na danna wa tauraro.