Hattara da mai tallar yawon raƙumi zuwa Bilma

Jama'ar Kano, musamman matasa masu sha'awar yawon buɗe ido, akwai wani da ke tallar tafiyar sahara a Instagram da TikTok. Wai zai kwashi mutane a mota daga Kano zuwa Agadas, daga nan a hau raƙuma a ratsa saharar Tenere har garin Bilma na Nijar, a kuma dawo gida, duk cikin mako guda. Ya ce akwai madugu, akwai tanti, akwai mai girki. Sharaɗinsa ɗaya ne, a tura rabin kuɗi kafin alƙalami, kuma asusun da yake bayarwa na mutum ne, ba na kamfani ba.

Ƙanwar matata da ƙawayenta sun tura. Ranar da aka sa, tun bayan sallar asuba suna bakin wani gidan mai a titin Katsina da jakunkunansu, har da sabbin rawuna da suka saya a Kwari don kare ƙura. Azahar ta yi ba mota, wayarsa a kashe. Da yamma shafin ya ɓace.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, lissafin hanyar kaɗai ya isa ya tona masa asiri. Daga Kano ka bi Daura ka tsallaka iyaka ka isa Damagaram, wuni ya kusa tafiya. Daga Damagaram zuwa Agadas ta Tanut kimanin kilomita 450 ne, kuma ba hanyar gudu ba ce. Daga Agadas zuwa Bilma ya haura kilomita 500 na rairayi, ba kwalta, zangon kirki a tsakani sai garin Fashi. Raƙumi mai kaya kuwa abin da yake ci a wuni bai cika wuce kilomita 30 zuwa 40 ba. To ku buga da kanku. Zuwa kaɗai ya fi mako biyu, kuma wannan ga Buzayen da suka tashi a cikin ayarin gishiri ke nan, masu ɗauko kantu da dabino, ba ga 'yar birnin da ba ta taɓa riƙe akala ba.

Sai lokacin. Ayari yana tashi ne wajen Oktoba da Nuwamba, bayan damina, raƙuma sun ƙoshi da ciyawa, zafi ya sauka. Shi kuwa watan Afrilu ya sa musu, tsakiyar bazara, lokacin da ko a nan Kano mutum ke neman inuwar da zai laɓe.

Na karɓi wayar ƙanwar matata na duba hotunan da mai tallar ya turo. Mutanen da ke jan raƙuman sanye suke da jallabiya mai hula irin ta Maroko, fuska a buɗe. Buzun Abzin kuwa da rawani za ka gan shi ya rufe baki da hanci, sau da yawa ma da turkuɗin da ake rinawa a Kura nan kusa da mu. Sirdin da ke hoton kuma na 'yan yawon shaƙatawa ne, mai mariƙin ƙarfe a gaba kamar kan keke, ba sirdin Buzaye mai ƙahoni uku ba. Da ta nuna wa kowane tsohon Buzu a Fagge, da kallo ɗaya zai ce mata wannan ba ƙasarsu ba ce.

Da ta tambaye shi batun tsaro da takardu, amsar da ya ba ta ke nan: "Haba Hajiya, ai mu 'yan gida ne, ko katin shaida ba sai kin ɗauka ba." Wannan maganar banza ce. A Janairun 2025 an sace wata 'yar ƙasar Ostiriya a cikin garin Agadas, a Afrilu kuma aka sace wata 'yar Suwizalan. Motocin da ke nufar Dirku, garin da ke kusa da Bilma, ma a rakiyar soja suke tafiya. Ga shingayen jami'an tsaro a hanya, kowanne sai an nuna takarda.

Jagoran gaske shi ne zai dame ka da tambaya kafin ya yi zancen kuɗi. Kana da hawan jini ko ciwon suga? Ka taɓa wuni a kan dabba? Zai faɗa maka yawan ruwan da za a ɗauka da rijiyoyin da za a yada zango, ya ce ka taho da bargo domin sanyin daren sahara ba wasa ba ne, ya nuna maka wayar Thuraya mai aiki da tauraron ɗan'adam, tun da sabis yana ƙarewa da an bar gari. Yana da ofis da lasisi a Nijar, ana iya aika wani ya je ya gani da ido. Wannan ɗan damfarar abu ɗaya ya tambaye su, ko kuɗin ya fita.

Wanda ya riga ya tura, kada ya goge hirar. Ya adana rasit da lambar asusun, ya garzaya bankinsa ya shigar da ƙorafi, sannan ya kai ƙara wajen 'yan sanda ko ofishin EFCC na Kano. An ce mini ya buɗe sabon shafi da wani suna, yanzu bikin makiyaya na garin Ingal a jihar Agadas da ake yi a watan Satumba yake tallatawa. Bikin gaskiya ne, amma hotunan su ne dai na Maroko, lambar asusun ma bai canza ba.