Memorin wayar da ta mutu: a gwada a gida ko a kai wa mai gyara?

Hajiya daga Ƙofar Ƙaura ta tambaya a guruf: wayarta ta faɗa ruwa ta ƙi tashi, hotunan bikin ɗiyarta kuma suna cikin memori. A gwada cirowa a gida, ko a kai wa mai gyara?

Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Ni dai na fi son ku fara a gida. A zare memorin, a bar shi ya bushe sarai, a sa a kad-rida, wato 'yar na'urar karanta memori, a jona da kwamfuta. In hotuna sun fito, a kwafe nan take. In kuwa kwamfutar ta nemi a yi fomat, don Allah kada a yarda. Sai a nemo manhajar PhotoRec, kyauta ce, tana bin memori lungu-lungu tana tsinto hotuna, sai dai sunayensu na asali sukan ɓace. Recuva ma tana yi a Windows. Abin da aka tsinto a ajiye shi a kwamfuta, ba cikin memorin ba, don sabo kan hau kan tsoho ya danne shi.

Mai gyara fa? In memorin lafiya yake, aikin da zai yi shi ne wannan, ga kuɗi, ga hotunan iyali a hannun baƙo. A yanayi ɗaya ne ake buƙatarsa. Tun Android 6.0 na 2015, wasu wayoyi na barin a haɗe memori da ma'ajiyar cikin waya. In haka aka saita, memorin a kulle yake, makullin yana cikin wayar, babu kwamfutar da za ta karanta shi. To a nan wayar ce za a farfaɗo, ko da na rabin awa ne, a kwashe.

Ku gaya wa mai gyaran da bakinku: ban da filashin, wato sake ɗora wa waya manhajarta. Ƙanwata ta kai tata bara, aka yi mata filashin ba a tambaye ta ba. Waya ta tashi tas, hotunan sunan ɗanta suka tafi. Har yau abin na ci mini rai. Ku tura yaro ya zauna kusa da shi har ya gama.

Hotunan WhatsApp kuma galibi cikin wayar suke zama, ba memori ba. Ku duba Google Photos da imel ɗinku, wataƙila suna can.